Sunan da Na Kai Jiratawa

Liman na sallame sallar asuba muka fita daga Sabon Garin Maraɗi, ni da autata, wadda ita ce ke rubuta muku wannan, don ni ban shiga lakkwal na yi boko ba. Ku matso ku ji, 'ya'yana da jikokina na kusa da na nesa, tun da kun dame ni da tambayar abin da ya fitar da tsohuwa daga ɗakinta a wannan marra, sojoji na riƙe da ƙasa, hatsi ya yi tsada, kowa na zaune yana jiran zaɓe. Ba biki na je ba, ba gaisuwar mutuwa ba. Kishi ne ya fitar da ni, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Ga mafarin abin. Kun san yadda aka raine mu: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cewa nawa ne. Nawa ana yaye shi aka kai shi Tibiri wurin yayata Dije, ita ta riƙe shi har ya zama mutum. Ya koyi gyaran inji, ya zama mai kula da famfunan ban ruwa a Jiratawa. A shekarun da aka buɗe jam'iyyu, aka karya darajar kuɗin sefa, ma'aikata suna wata da watanni ba albashi, ƙarfen inji ya gagari saye, shi ne ya dinga hawa keke zuwa Jibiya yana tsinto tsofaffin ƙarafa yana ɗaurawa, ruwa bai yanke wa mutanensa ba. Shekarar sanƙarau ta tafi da shi. Ya bar 'ya ɗaya, ko wayo ba ta yi ba, dangin uwarta suka tafi da ita Yamai.

To, bara wasu mutane suka shigo ƙasar nan, wata Madam da ta ajiye aikin koyarwa da maza biyu. Suna bi gari gari suna ɗaukar muryar tsofaffi da tsofaffin hotuna, suna zubawa cikin ordinatar, wato kwamfuta, daga nan su aika intanet, wai ko a Makka mutum yake zai saurara. Makon jiya sai wannan jikar tawa ta Yamai ta kira salular autata, ta ce a ba ni. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Kaka, ashe ba ke kinka haifi Baba ba? Na ga hotonshi, an rubuta ɗan Hajiya Dije ta Tibiri. Ke ma na ji muryarki ciki, ba ki ce naki ne ba."

Na riƙe salular nan har ta yi zafi a kunnena. Kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba. A na huɗu autata ta binciko cewa Madam tana Jiratawa wannan makon. Na ce to, Tibiri tukuna, in ga Yaya ido da ido.

Daga ƙofar gida muka tsayar da kabu-kabu biyu. Nawa ya faɗi kuɗin kai ni tasha, na ce masa, ɗan nan, hawa zan yi, ba sayen moton zan yi ba. Ya yi dariya ya ce esans ne, Hajiya, an matsa a kan iyaka. Kuma gaskiyarsa, don kwalaben esans, wato man fetur, da aka saba jerawa bakin hanyar gudron kamar man gyaɗa, rabinsu wayam suke. Garin bai gama farkawa ba. Masu ƙosai na hura wuta, masu shayi na kakkaɓe benci, jikin katangu duk ragowar hotunan 'yan siyasa, an yage wa wannan goshi, an bar wa wancan kunne ɗaya.

Motar Tibiri tsohuwar hiyas ce, ƙofarta da igiya aka ɗaure. Ban ƙidaya mu ba, amma gwiwar wani tana cikin haƙarƙarina har muka sauka. Maza biyu a baya suka kama gardama, ɗaya ya ce sojoji za su cika alkawari su tafi, ɗayan ya ce shi wannan ne karo na nawa da yake jin haka. Wata mata mai goyo ta ce duk wanda zai hau ya hau, ita dai a sauko mata da tiyar hatsi. A bakin gari jandarma ya tsayar da mu ya ce a fito da kartin shaida. Ya dubi nawa, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, wannan ke ce?" Na ce ni ce, tun ba a ɗaura wa uwarka aure ba. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Hanyar ba ta da nisa. Gonaki sun bushe, kara ma an kwashe, sai gawo nan da can da awaki a ƙarƙashi suna jiran abin da zai faɗo. Tibiri kuwa tana nan yadda na san ta, a natse, ga manyan itatuwa, ga rairayi mai cinye takalmi. Mutanenta ba sa gaggawa ko a gaisuwa. Kafin mu kai gidan Yaya an tambaye ni lafiyar mutanen Maraɗi har sau bakwai.

Muna shiga tsakar gida abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne hoton. An faɗaɗa shi, an sa shi a gilashi, an rataye a bangon ɗakinta daidai ƙofa, yadda ko mai tallar nono za ta gani. Yana tsaye jikin inji, hannun riga a naɗe, yana murmushin nan nasa na gefen baki. Ni ɗakina babu hotonsa. Ban taɓa ratayewa ba, don uwa ba ta rataya hoton ɗan fari. Na sunkuyar da kai na cire takalmi, na daɗe ina cirewa.

Yaya ta tarbe mu da murna, ta kawo kunun tsamiya da ƙosai masu zafi. Na sha don kada a ce. Maƙwabta mata suka fara shigowa gaida baƙi, sai na ji wata ta ce, "Hajiya Dije, a kunna wa baƙi su ji mana." Ashe abin ya zama al'ada a gidan. An zuba mata muryarta a salula, duk wanda ya zo sai an kunna masa.

Aka kunna. Muryar Yaya ta cika tsakar gida, tangaran, ba ko tari. Ɗana kaza, ɗana kaza. Ta kira sunansa ya fi sau goma, kamar mai kiransa cin tuwo. Yadda ya kwance rediyon mijinta yana yaro ya mayar. Yadda ya dawo daga Jibiya da ƙarfe ɗaure a bayan keke, ƙafafunsa sun kumbura. Matan suna gyaɗa kai, wata har tana faɗin maganar kafin salula ta faɗa. Can sai na ji muryar Madam ta ce, "Ke fa, Hajiya, da ke zaune gefe, kin san shi?" Sai wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaron gidan nan ne."

Muryata ce. Na tuna ranar. Bikin suna na zo a unguwar, na tarar da su suna ɗauka, na zauna gefe. Da aka tambaye ni na ja mayafi na ba da amsar da uwata za ta bayar, da kakata ma. Kowa a tsakar gidan ya san dalili. Ban san na'urar ba ta sani ba.

Da matan suka watse na ce, "Yaya, kin kyauta."

Ta ce, "Mi na yi, Rabi?"

Na ce, "Duniya duka ta ji ɗanki ne."

Ta ajiye ludayi. Ta ce, "Wa ya goye shi? Wa ya yi jinyar kaciyarshi? Wa ya kai shi lakkwal yana kuka yana riƙe zanena? Hwaɗa mini inda na yi ƙarya."

Na ce, "Ba ki yi ƙarya ba. Kin dai tsaya inda ya yi miki daɗi."

Ta ce, "Sau biyu na dube ki ranar. Na jira ki buɗe baki, kinka rufe fuska. In ce musu mi? In tona ki gaban maza baƙi, ki yi shekara ba ki gaishe ni ba?" Sannan ta ce, "Ke kina ganin ni na ci riba. Shekara ashirin yana ɗakin nan. Da ciwo ya kama shi, ina ya ce a kai shi? Ɗakinki. A hannunki ya cika, ni sai aike anka yi mini. Ki bar mini hoton mana."

Ban taɓa sanin wannan yana cinta ba. Amma kada in yi muku ƙarya, jin haka bai kashe abin da ke cina ba. Na ce zan tafi Jiratawa a gyara. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ita ƙafarta na ciwo. Muka fito. Muna zaune a tasha muna jiran mota ta cika, sai ga ta tafe da sandarta da sabon mayafi. Ta zauna kusa da autata, ba ta dube ni ba, ta ce zogale za ta saya, na Tibiri ya yi tauri.

Dole a ratsa Maraɗi kafin a kama hanyar kudu. Rana ta take, garin ya zama abin da kuka sani, kabu-kabu kamar an fasa gidan tururuwa, manyan motoci cike da buhuna suna jiran a buɗe musu hanya, masu amalanke na ihu a ba su wuri. Muka canja mota. Autata ta sayo mana ruwan leda da rogo da ƙuli, Yaya ta ce haƙoranta ba za su iya ba, sannan ta cinye nata ta taɓa nawa.

Jiratawa kuwa, wanda bai je ba zai ce ƙari nake yi. Kana cikin fari da ƙura, sai ka gangara kwarin gulbi, ido ya faɗa cikin kore. Ruwa na gudu a magudanan siminti, ga albasa, ga tattasai, ga zogale layi layi ya fi mutum tsawo, mata na tsinka suna cika buhu. Iskar wurin ma dabam take, tana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Daga nesa kana jin inji na bugawa, dum, dum, dum. Shekarunsa nawa yana aiki a nan, ban taɓa zuwa na ga wurin ba. Ba a zuwa ganin aikin ɗan fari. Na tsaya bakin magudana na sa hannu a ruwan, na yi kamar wanke ƙuli nake yi.

A rumfar koperatif ta manoma Madam ta kafa kayanta. Tsofaffi sun yi layi a kan benci, kowa da abin da ya kawo, wani tsohon hoto, wani takardar gonar ubansa a cikin leda. Muna isowa wani dattijo mai jar hula ya miƙe ya ce, "Kai, jama'a, ga uwar mai famfo!" Aka tashi. Aka ba Yaya wuri a tsakiyar benci, wani ya aika a yanko mata zogale, wani ya durƙusa yana ba ta labarin shekarar da albasarsa ta kusa ƙonewa yaron nan ya kwana biyu cikin inji. Ni aka ce mini sannu, baƙuwa. Mai jar hula ya nuna ni ya ce, "Wagga fa?" Yaya ta ce, "Ƙanwata ce." Na saurara ko za ta ƙara. Ba ta ƙara ba. Wannan ma ba ƙarya ta yi ba.

Na zauna a bakin benci, rabin jikina a rana. Abin da na ji a ƙirjina a lokacin, ban ji shi ba ko ranar da aka raba gadon uwarmu.

Da layi ya zo kanmu autata ta yi wa Madam bayani. Mace ce mai natsuwa, da furfura a gaban kallabi. Ta dafe kai ta ce laifinsu ne, ita da ta tashi a nan ya kamata ta gane shirun. Na ce to a goge na Yaya a sa daidai. Ta ce, "Hajiya, ba mu goge muryar kowa. Ƙarawa muke yi." Na ce to ta rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ni na haife shi, shi ke nan, in kama hanya. Ta ce, "Zan rubuta yanzun nan. Amma jikarki ta ji ki da kunnenta kina cewa yaron gidan ne. Kina ganin rubutuna zai rinjayi muryarki a wurinta?"

Na ce a kunna.

Ta maƙala mini wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino a bakin mayafi. Wata 'yar jar wuta ta kama. Na faɗi sunana da na ubana da unguwarmu. Ta ce, "Wa kinka haifa na fari?" Na ce mai sunan kakansa. Ta jira. Na ce wancan na jikin hoton. Ta jira. Na ce uban yarinyar da ke Yamai. Ta dai bar jar wutar tana kallona. Mai jar hula da sauran duk sun miƙo wuya.

Na ce a fitar da maza. Aka fitar da su, har masu riƙe na'urar. Na ce autata ma ta fita. Yaya ta dafa sanda za ta tashi, na ce, "Ke zauna. A gabanki na ƙi, a gabanki zan faɗa."

Sannan na faɗa.

Ya fi shekara hamsin ina jin sunan nan a bakin mutane. Na ji shi ranar suna daga bayan ɗaki, na ji shi a bakin Yaya, na ji shi ranar da aka ɗauki gawarsa. A bakina bai taɓa kwana ba. Da ya fito sai na ji shi ƙarami, gajere, ashe abin da nake ɗauke da shi ke nan. Rufin rumfa bai faɗo ba. Na sake faɗa, na ce ni na haife shi, ranar wata Alhamis da damina, ana ruwa, a ɗakin uwata.

Daga nan bakin ya ƙi rufuwa. Na faɗi abin da ko mijina bai sani ba har ya koma ga Allah. Ranar da Yaya ta zo ɗaukarsa, ta goya shi ta kama hanyar Tibiri da ƙafa, na ce wa mutanen gida zan je itace. Na bi su daga nesa, ina laɓewa daga wannan gawo zuwa wancan, nono na zuba har ya jiƙa mini zane. Na bi su har bakin gulbi. Da suka haye na tsaya har na daina hango su, sannan na tsinci itace guda uku na dawo, don kada a tambaye ni.

Sai na ji Yaya ta ce, "Na gan ki."

Na juya. Fuskarta ta jiƙe.

Ta ce, "Tun gawon farko na gan ki. Shi ya sa na ja zane na rufe mishi kai. Na san in ya waiwaya ya gan ki, ba za shi bi ni ba."

Jar wutar tana nan a kunne, ta kwashe wannan ma. Kun ji, har a cikin nawa sai da Yaya ta sa baki.

Madam ta kashe na'urar, ta daɗe tana gyaran gilashin idonta. Da muka fito sai Yaya ta tsaya gaban mai jar hula ta ce, "Malam, ni na riƙe, ga wadda ta haifa." Dattijon ya cire hularsa ya mayar, ya rasa wadda zai fara gaisarwa. Aka sake aikawa a yanko zogale. Na lura nata ƙunshin ya fi nawa girma.

A tashar Maraɗi muka rabu, ita ta hau ta Tibiri. Ta ce za ta sa a wanko mini hoton. Na ce ta sa a yi shi daidai girman nata, kada ya gaza ko da yatsa ɗaya. Ana kiran magariba muka shiga Sabon Gari, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Abin da na gano a tafiyar nan, ku mata 'yan'uwana, shi ne wannan. A da in mace ta yi shiru, gari duka ya san abin da ke cikin shirun, ana faɗa wa yara a bayan idonta. Yanzu masu faɗar sun ƙare, yaran sun watse Yamai da Kano da inda ba mu sani ba, sun koma tambayar na'ura. Ita kuwa abin da aka faɗa mata kaɗai take riƙewa. Ban ce ku yar da kunya ba, ni ma ban yar ba. Amma in an kawo muku abin nan, ku kori maza, ku rufe ƙofa, ku faɗa sau ɗaya.

Autata ta duba mini. Har yanzu in an danna sunansa muryar Yaya ce ke fara fitowa, tawa na biye, kuma tata ta fi tsawo. Wannan bai yi mini daɗi ba, kuma na aika a gaya wa Madam.

Shekaranjiya jikata ta kira. Wannan karon ta yi gaisuwa har ƙarshe. Ta ce ta saurara ya fi a ƙirga. Sannan ta ce, "Kaka, hwaɗa mini sunan yanzu, in ji daga bakinki." Na ce, "Ke, ba ki da kunya? Na faɗa, yana can. Je ki danna."